Kayan Satan da Na Sa wa Surukata a Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa shiga gidan surukata Hajiya Mairo da wani abu a hannu ya san tambayar da ke jiransa tun kafin ya cire takalmi: "Min fen?" Wato daga ina. In kifi ne, daga ina, wa ya sayar maka. In turare ne, ina fatura, takardar shaidar saye. Ko ruwan gora ka miƙa mata sai ta juya ta karanta bayansa. Takan ce ita dai tun da aka haife ta a unguwar Karantina ta Jidda, abin da ba ta san asalinsa ba bai taɓa kwana a ɗakinta ba.

Shi ya sa ranar zaman makoki, da wani bawan Allah ya gyara zama ya ce, "Hajiya mace ce mai sauƙin kai, ba ta da matsala da kowa," saura kaɗan gahawa ta ƙware ni. Sauƙin kai? Ku da kuka zauna da ita, ku ji tsoron Allah. A faɗi alherinta, yana da yawa, amma kada a yi mata ƙarya tana kabari. Ni ne mijin 'yarta Samira. Daga Zariya kwangila ta kawo ni Jidda gyaran na'urorin asibiti, na yi shekara goma sha ɗaya a hannun matar nan, kuma har yau akwai abubuwan da in na tuna sai raina ya ɓaci.

Ga misali ƙarami. Wata safiya ta aike ni sayen burodin tamis guda huɗu, mai gashin ya yi kuskure ya sa biyar. Ta ƙirga, ta dube ni.

"Muhandis, na biyar ɗin nan min fen?"

Muhandis take kirana, injiniya kenan, kuma daga yadda ta ja kalmar kake gane yabo ne ko zagi. Na ce kuskure ne, Umma. Ta ce in mayar. Na taka cikin ranar nan ta Jidda na koma, mai gashi ya yi dariya ya ce in tafi da shi, ya yafe. Na dawo ina gumi. Ta ce, "Shi ne mai gidan burodin, ko ɗaukarsa aiki aka yi? Ta yaya zai yafe abin da ba nasa ba?" Na koma karo na uku na jira mai gidan. Mutumin ya ji daɗin wannan gaskiya tawa har ya ƙara min biyu kyauta. A bayan masallaci na tsaya na cinye su, don ba ni da ƙarfin yin bayani.

To irin wannan matar ce na sa wa kayan sata a gida, ya yi shekara tara.

Lokacin ina neman auren Samira ne. Kwamfutar gidansu ta mutu, tsohuwa ce irin mai akwati a ƙarƙashin tebur, wadda Ammi Haruna mijin Umma, Allah ya jiƙansa, ya sayo mata don ta riƙa sauraron karatun Alƙur'ani tana kallon hotunan jikoki. Nizam ɗinta ne ya lalace, wato babbar manhajar da in babu ita kwamfuta ko ido ba ta buɗewa. Ni kuma saurayi mai neman shiga, na ce ai wannan ƙaramin aiki ne. Na karɓi wani faifai a hannun abokin aikina, irin wanda aka kwafa aka fasa masa makulli, wanda a lokacin kusan duk wanda na sani da shi yake aiki. Ranar Umma ta tafi Makka umara. Wannan ne kaɗai dalilin da ya sa faifan ya shiga gidan ba a yi masa tambaya ba. Ta dawo ta tarar kwamfuta ta tashi, ta ce wa mijinta, "Yaron nan ɗan halal ne." Ba a yi wata biyu ba aka sa rana.

Shekaru suka tafi, Ammi Haruna ya rasu, sannan rusau ya iso Karantina. Da aka fara shafa wa gidaje jan fenti a bango, kowa na ta neman motar kwashe kaya, Umma sai ta ɗauki wayarta ta shiga lungu-lungu tana ɗaukar hoton ƙofofi. Ba gida duka ba, ƙofa kawai. Kullum da sassafe za ta fita, ta dawo ƙafa a kumbure, ta juye hotunan a kwamfuta kamar yadda Samira ta koya mata, ta raɗa wa kowanne suna da yatsa ɗaya. "Ƙofar Inna Hausi mai kunu, mijinta masifaffe." "Ƙofar Barebari masu akuya." "Ƙofar da aka haifi Samira, ungozoma ta makara." Da aka gama rushe unguwar ta dawo wurinmu a unguwar Madain Fahd, mutanen da suka watsu suka ji labari. Ranar Juma'a bayan la'asar sai ka ga tsofaffi sun cika mana falo, kowa na jiran a nuna masa ƙofarsa. Na ga dattijo mai furfura ya sa hannu yana shafa gilashin kwamfutar. Wasu ba su tsira da hoton gidansu ko ɗaya ba, sai wannan.

Samira ce ta jawo min. Ta ce bari ta haɗa wa Umma kwamfutar da intanet ɗin gida, don a riƙa tura wa waɗanda suka yi nisa nasu hotunan. Kwana biyu da haɗawa, fuskar kwamfutar ta koma baƙa ƙirin, wani ɗan rubutu ya fito a kusurwa da Larabci. Umma kuwa Larabci a bakinta ya fi Hausa gudu. Ta sa tabarau ta karanta da ƙarfi: wannan nuskha, wato kwafi, ba ta asali ba ce.

"Samira, me take nufi?"

"Yani, Umma, wanda ya sa nizam ɗin bai saya ba. Kwafa aka yi."

"Na sata ne kenan."

"To, kusan haka."

Ina zaune a gefe ina kallon silin. Umma ta tashi ta buɗe akwatin takardunta, ta fito da faturar kwamfutar, ta ce mai shagon da ya sayar wa mijinta ne, azzalumi. Shagon kuwa yana cikin abin da aka rushe, ba inda za ta same shi. Sai ta kai ƙara inda ba a rasa mutum. Muna zaune kan abincin rana ta ɗaga hannu.

"Ya Rabbi, wanda ya shigo min da kayan sata gida, na yi shekara tara ina sauraron littafinka a kai, ka tona masa asiri. Ka sa masa ƙaiƙayi a inda hannunsa ba ya kaiwa."

Samira ta ce amin. Ni na cika baki da shinkafa.

"Muhandis, ban ji amin ɗinka ba."

Na nuna mata bakina. Washegari ta sake, ta ƙara da cewa Allah ya hana shi jin daɗin shayi. Na yi tari. A rana ta uku, ku yarda ko kada ku yarda, ƙurajen zafi suka feso min a tsakiyar baya. Ina goga baya a jikin ƙofa kamar akuya, na ga abin ba na wasa ba ne. Na je na durƙusa.

"Umma, ba mai shago ba ne. Ni ne."

Ta juyo ta dube ni.

"Ranar da na je umara."

"Ranar ce."

"Ina can ina ɗawafi, kai kana nan kana shigo min da sata."

"Umma, ba irin wannan satar ba ce. Kowa haka yake yi. Masu abin ma ba a rage musu komai ba, nasu yana nan a hannunsu."

"Sun ba ka?"

"A'a."

"Ka saya?"

"A'a."

"To a Zariya me ake kiran wannan?"

Ta juya wajen 'yarta ta ce, "Samira, gaya wa mijinki da kayan sata ya aure ki." Daga wannan lokaci ta daina yi min magana kai tsaye. Muna ɗaki ɗaya, tazararmu ba ta kai taku uku ba, amma sai an bi ta kan Samira.

Ni fa abin ya ƙona min rai, kuma har gobe ina ganin an wuce gona da iri. Mutum ya bar hutunsa na Juma'a ya zo ya tayar muku da mataccen inji, ko ruwa bai nema ba. Shekara tara ana morarsa. In kwamfutar ta yi tari ni ake kira, in linzaminta, wato maus, ya maƙale ni ake kira. Rana ɗaya na zama ɓarawo, har matar da na haifi 'ya'ya uku da ita tana kallona tana danne dariya. Na ce wa Samira ai sai a yi la'akari da niyya. Ta ce, "Ka je ka gaya mata." Ban je ba.

Hukunci ya fito ta bakin Samira: za a cire na sata a sa na halal, wanda ya ɓata shi zai saya, kuma ko ƙofa ɗaya kada ta ɓata. Umma ta ce ba za ta yarda in je shago ni kaɗai ba, tunda an ga irin sayayyata. Ta naɗe akwatin kwamfutar a bargo, ta zauna a bayan mota ta rungume shi a cinya, ta ja bel ta ɗaure su tare.

Mai shagon wani ƙato ne mai tumbi, yana cin 'ya'yan kankana yana tofar da ɓawo a kofi. Ya saurare mu da rabin kunne ya ce, "Abu mai sauƙi, ya Hajja. Zan sa miki wani wanda rubutun nan ba zai sake fitowa ba."

"Na asali?"

"Kamar na asali."

"Samira, tambaye shi min fen."

Ya ce daga intanet. Ta ce intanet ɗin ɗan gidan wane ne, shi ya ba shi izini? Mutumin ya dube ni yana neman agaji, na kawar da kai, don ni ma a kan wannan maganar nake cikin uku. Da ya ga ba sarki sai Allah, ya shiga ciki ya fito da ɗan kwali a rufe da hatimi, da ƙurarsa. Ta juya shi gaba da baya, ta sa ya rubuta fatura, ta sa ya buga tambari, ta ce tambarin bai fito ba ya sake. Sannan ya ce a bar masa kwamfutar, zai yi mata fomat, mu dawo bayan la'asar, halas, shi ke nan.

"Mene ne fomat?"

Samira ta dube ni. Na ce a gaya mata share komai ne, a mayar da cikin kwamfutar fili, sannan a sa sabo.

Umma ta miƙe. Ban taɓa ganin ta miƙe da sauri haka ba tun da gwiwa ta fara damunta. "Rusau kenan. An rushe min unguwa sau ɗaya ina kallo, kai kuma za ka sake rushe ta kafin la'asar, kana cin kankana?" Ta sunkuci akwatinta da bargonsa. Mai shagon yana ta cewa ai zai kwashe hotunan tukuna, ko waiwaye ba ta yi ba.

Aiki ya dawo kaina. Na so in bi hanya mai sauƙi, in shigar da lambar sabon a kan tsohon nizam ɗin ba tare da an taɓa komai ba. Ya ƙi karɓa. Fasa makullin da aka yi masa tun farko ya lalata masa ciki, babu makawa sai an share an sa sabo. Wato dai maganar mai kankana ce, amma wa zai faɗa? Na sayo faifan ajiya guda biyu, irin wanda ake maƙalawa ta waje, na ce za a kwafe komai sau biyu kafin a taɓa wani abu.

Ta kafa sharuɗɗa. Da rana za a yi, tana zaune a gefena. Ba zan danna komai ba sai na faɗi abin da zan danna. In an gama kwafa, faifai ɗaya zai tafi gidan maƙwabciya, ko da gobara. Kuma ba ta yarda da cewar kwamfuta wai ta gama kwafa ba, tunda kwamfutar da ta ɓoye sata shekara tara ba abin yarda ba ce. Sai an buɗe kowace ƙofa a sabon wurin ta gani da idonta.

Ƙofa ɗari huɗu da goma sha biyu. Na ɗauki hutun kwana uku a wurin aiki saboda wannan. Na maƙala faifan a kwamfutar ofis ɗina, bayan an tambayi asalin nata nizam ɗin, Allah ya rufa min asiri na halal ne. Da a ce kallo kawai za ta yi, da yini ɗaya ya isa. Amma kowace ƙofa da labarinta: wa ya auri wa, wa ya zuba wa wa ruwan wanki a ƙofa, wace ce ta yi shekara ashirin tana cewa za ta koma Damagaram ba ta koma ba. Duk wannan Samira ake ba labari, ni aikina danna "na gaba". In na yi sauri sai mafici ya sauka a bayan hannuna.

A rana ta uku bayan azahar aka gama. Ƙofofi sun cika a faifai biyu, karatu ya cika, hotunan jikoki sun cika. Na sa sabon nizam, ya kawo ni inda ake tambaya ko a share. Na ɗora yatsa na ce, "Samira, gaya wa Umma yanzu zan share komai."

Umma tana ta murza bakin mayafinta. Can ta ce, a hankali, da wata murya da ban san tana da ita ba, "Ya kwashe na cikin kwandon?"

"Wane kwando?"

"Na shara. Wanda ke sama ta hagu."

Na janye hannuna kamar na taɓa wuta. Na fita daga wurin sharewar, na sake tayar da tsohon nizam ɗin, na buɗe kwandon shara, inda duk abin da aka goge yake zama kafin a zubar da shi gaba ɗaya. Ko kallonsa ban yi ba da nake kwafa, wa ke kwafar shara? Abu goma sha ɗaya ne a ciki. Hoton ƙofar gidanta guda tara, ta kowace kusurwa, har da wurin da Ammi Haruna ya ɗaure mariƙin da waya. Hoton aurensu. Da wata murya da aka naɗa.

Na manta da dokar bi ta kan Samira. "Umma, me ya sa kika ajiye su a nan? Nan fa wurin zubarwa ne. Dannawa ɗaya ya isa su tafi har abada."

"Ɓarawo ba ya duba shara," ta ce. "Kai ma da kake cikin gida ba ka duba ba."

Ashe kullum in gida ba kowa sai ta fito da su ta kalla, ta sake mayar da su kwando. Na kwafe su. Da na zo kan muryar, dole a buɗe a tabbatar, dokarta ce. Wayar Ammi Haruna ce ta naɗa bisa kuskure tana aljihunsa. Minti huɗu suna musu a kan gishirin miya. Yana cewa ya yi yawa, tana cewa harshensa ne ya tsufa, yana dariya. Samira ta tashi ta shige kicin. Umma ta saurara har ƙarshe, ta share ido da mayafi ta ce, "Kuma gishirin daidai yake."

Sauran aikin bai kai awa biyu ba. Da aka zo shigar da lambar halal, harafi ashirin da biyar a jikin ɗan kati, ta ce ita za ta karanta, kada in ƙara wani abu daga aljihuna. Bakin Jidda kuwa bai raba B da P ba. Sau biyu kwamfuta tana ƙi. Daga ƙarshe muka daidaita a kan "mai tumbi biyu" da "mai tumbi ɗaya", kwamfuta ta karɓa. Baƙin ya tafi, rubutun kusurwa ya ɓace. Na mayar da ƙofofi wurinsu, na buɗe wa kaya goma sha ɗayan nan wuri mai kyau da sunanta a kai. Ta karɓi linzami ta ja su ɗaya bayan ɗaya ta zuba a sabon kwandon shara. Na yi magana har na gaji. Na ce aƙalla akwai su a faifai biyu, ta ce wannan matsalata ce. Sannan ta dube ni, ni ɗin kaina, ba Samira ba, ta ce, "Muhandis, ka ci abinci kuwa?"

Ban ƙara jin maganar ba sai a ciwonta na ƙarshe. Na leƙa ta a asibiti lokacin hutun rana da kayan aiki a jikina, ta yafito ni da hannu. Na sunkuya.

"Ya waladi, ɗana, shekara taran nan. Abin da ke tsakanina da kai na yafe."

Na ce na gode, Umma.

"Amma ka sani ba ni ce mai kayan ba. Sauran ka ji da shi."

Kwana huɗu bayan nan ta rasu, da hantsi, Samira na riƙe da hannunta.

Allah ka ga baiwarka Mairo. Ta wahalar da mu, amma ba ta taɓa cin haƙƙin kowa da saninta ba, kuma abin da ya shiga gidanta ba da saninta ba, ni na kai shi, kada ka tambaye ta. Ka yafe mata, ka yalwata mata makwanci, ka haɗa ta da Ammi Haruna cikin rahamarka. Wannan karon, Umma, da ƙarfi na ce amin.